Ranar da Muka Wanke wa Kwamfuta Allo

Har yau ban manta da wata ranar kasuwa ta tsakiyar damina ba, ranar da kwamfutar shagonmu ta so ta kwanar da Malam Hamidu a Gummi.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ina aikin buga takardu a shagon Alhaji Namadi. Ni da allo da ajami na tashi, boko daga baya na tsince shi. Mutum zai kawo rubutunsa, sau da yawa da ajami, in mayar da shi boko, in tsara, in buga masa. Kwamfutarmu ɗaya ce, ta hannu, kuma Alhaji na lulluɓe ta da darduma idan an tashi aiki.

Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun san idan za a goge abu, cikin hoton kwandon shara ake jefa shi. To, kusan duk abin da muke bugawa, katin suna ne ko na ɗaurin aure, da Bisimilla yake farawa. Ranar da Alhaji ya fara ganin kwandon ya ce, "Sunan Allah cikin shara? Ba shagona ba!" Ni ma ban ga abin musu ba. An rene mu a kan cewa takardar da ke da sunan Allah, ko a hanya ka gan ta, ɗauka za ka yi ka soke a jikin katanga. Saboda haka shekaru suka shuɗe ba mu goge komai ba, har hotunan angwaye da na jarirai.

Sannu a hankali baiwar Allah ta yi nauyi. Nakan kunna ta, in yi alwala, in yi walaha, in dawo in tarar tana miƙa.

Malam Hamidu malamin allo ne daga Nasarawa Burkullu. 'Yarsa ta sauke Alƙur'ani, ita ce mace ta farko da ta sauke a gidansu, yana son katin walima ya raba kafin Juma'a. Motar garinsu ɗaya ce, da la'asar take tashi, ga hadari ya haɗo daga gabas. Idan ruwa ya sauka hanyar ta yanke ke nan, sai yadda Allah ya yi.

Na tsara katin, na danna a buga, kwamfuta ta ce sarari ya ƙare, ta sandare. Na kashe na kunna. Azahar ta yi muna kallon juna.

Allah ya sa Bashiru, ƙanen matar Alhaji, mai gyaran kwamfuta a Gusau, yana gari. Aka kira shi. Ya duba, ya kama haɓa.

"Yaya, wagga ba ciwo gare ta ba, cika ta yi. Kai da ita duk ɗaya, ba ku san a rage ba."

"Tahi can, injiniyan rediyo," in ji Alhaji. "Mi za a yi?"

"Gogewa."

"Ka goge ni dai."

Bashiru ya yi bayani, ya yi rantsuwa cewa kwandon hoto ne kawai, ba ya wari. Alhaji ya ce ko hoto ne, shara sunansa. Can tsawa ta yi. Malam Hamidu, wanda tun ɗazu yake jan carbi yana leƙen sama, ya gyara zama.

"Alhaji, ɗiyan nan da anka yi ma katin suna, ba su yi tahiya ba?"

"Wasu har makaranta."

"To karatu ya zamna ke nan. Mu in yaro ya riƙe karatunai, wanke allo mukai a rubuta na gaba. Da ba a wankewa, da ɗiyata na nan ga Fatiha. Ruwan wankin dai muka kula da inda za a zuba shi."

Alhaji ya ce, "To wagga ina ruwanta?"

Bashiru ya zaro faifan sidi daga jakarsa ya ɗaga. "Ga shi. Nan za mu juye su, ka aje inda ka so. Kuma akwai gogewar da ba ta bi ta kwando."

"Ka tabbata?"

"Ko gaisawa ba su yi."

Haka aka yi. Bashiru ya fara juye manyan hotuna a faifai, ya goge su ta waccan hanyar, Alhaji na tsaye a kansa ya ƙura wa kwandon ido. Ya kuma kashe wasu abubuwa da ke tashi tare da kwamfutar ba gayyata. Da aka sake kunna ta, ko takalmi ban gama cirewa don alwala ba ta buɗe. Katunan suka fito da ɗuminsu. Malam ya soka su cikin riga, ya yi mana addu'a a tsaye, ya nufi tasha da saurin da ban zaci dattijo na da shi ba. Yayyafi ya fara yana shiga mota.

Bayan la'asar Bashiru ya kwance akwatin kwamfutar, ya tarar da gidan zanzaro a jikin fanka, ya hure ciki da famfon keke. Ya koya mini yadda ake sa ta tattara abin da ya warwatse a cikinta. Faifan kuwa Alhaji ya sa a gafaka, ya rataye can sama, kusa da littattafansa.

Daga ranar, kowace Alhamis, da yake ranar hutun makarantar allo ce, sai in juye, in goge, in share. Wankin allo muke ce masa. Abin da na koya shi ne, yawancin kwamfutar da ake cewa ta tsufa wanki kawai take so. Kuma idan mai ita ya hana ka taɓa wani abu, ka tambaye shi dalili kafin ka yi masa dariya, domin sai ka san abin da yake karewa za ka samo masa hanya.

Satin da ya biyo baya Malam Hamidu ya aiko mana da wainar walima. Bashiru ya cinye rabi, ya ce ladan kwando ne.