Elekana Mai Lahadi Biyu

A unguwarsu da ke bayan birnin Apia, Elekana kafinta ne kaɗai ke hura wutar umu, murhun gashi na duwatsu, ranar Litinin. Kowa ya gasa nasa abincin a kan duwatsu masu zafi tun jiya Lahadi, shi kuwa sai gari ya waye mutane na haramar aiki hayaƙinsa zai turnuƙe. Maƙwabta ba sa gajiya da tsokanarsa.

"Malam, a tashe ka ne? Lahadi fa ta wuce."

"Taku ce ta wuce," yakan ce. "Ta tsohuwata yanzu ta fara."

Gaskiyarsa. Mahaifiyarsa tana Pago Pago, a wani tsibiri na kusa, wajen ƙanwarsa Sialei mai aiki a kamfanin kifin gwangwani. Tafiyar kamar rabin awa ce a ƙaramin jirgi, amma layin da ya raba kwanakin duniya ta tsakaninsu ya bi: Litinin ɗin Apia ita ce Lahadin can. Elekana bai taɓa shiga jirgi ba. Abin da ya sani kawai, idan ya naɗe gwaza da palusami, ganyen gwazar nan mai madarar kwakwa, ya sami fasinjan da zai riƙe masa, tsohuwa za ta ci da ɗuminsa bayan an taso daga coci.

Shekarar da jikinta ya yi tsanani, Sialei ta bugo waya.

"Yaya, Mama ta daina cin abinci. Ko magana ba ta yi. Na rasa yadda zan yi da ita."

Litinin na yi ya gasa kamar kullum, ya ruga filin jirgi. Jirgin ƙarami ne, har mutum sai an ɗora shi a sikeli tare da kayansa. Mai awo ta girgiza kai.

"Yau mun cika, Baba. Ko cokali ba zai shiga ba. Sai na yamma."

Na yamma kuwa sanyi ƙalau zai isa, ita kuma tsohuwa tun tana da lafiya ba ta taɓa abincin da ya huce. Elekana ya tsaya rungume da kwando, tsoro ya kama shi sosai.

Wani ƙaton mutum da ya sauko daga sikelin, wanda kana gani ka san da shi aka cika jirgin, ya tambaye shi na wane ne. Da ya ji, sai ya ture akwatinsa gefe.

"'Yata, sauke wannan, ki sa kwandon."

"Fasto, fararen kayan naka fa suna ciki," in ji ta. "Da wannan rigar mai furanni za ka hau mumbari?"

"Za su yi gulma, su gaji."

Elekana ya yi ta godiya, har ya manta bai tambayi sunansa ba. Ya koma shago, amma ko ƙusa ɗaya ya kasa bugawa daidai. Wajen azahar waya ta yi ƙara.

"Yaya, Faston da kansa ya kawo har gida. Ta ci kusan rabi. Ga ta, wai za ta yi maka magana."

Ya ji numfashinta, sannan muryar ta fito a hankali.

"Elekana, wa ya koya maka zuba gishiri haka?"

Ya zauna a kan katako yana dariya, hawaye na zuba masa. "Zan rage, Mama," ya ce. "Mako mai zuwa zan rage."