Geron da Kaka Ta Ɓoye wa Jakada

Shekarar da na shiga sanawiyya, wato sakandare, muna zaune a unguwar Jurf ta Madina, Baba ya dawo daga sallar la'asar ya ce jakada zai zo Madina, zai zaga gidajen Hausawa. Jakadan Najeriya yake nufi. Kakata, mahaifiyarsa, ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta miƙe da ƙafar nan tata mai ciwo, ta ja ɗan buhun geron da alhazai suka kawo mata tsaraba, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta hau ta zauna.

"Hajiya, lafiya?" in ji Baba.

"Ina fa lafiya! Ka taɓa jin jakada ya koma hannu biyu?"

A Hausarta, jakada baran hakimi ne mai zuwa karɓar haraji. Nan ta fara ba mu labarin da ta gada daga kakannin kakanninta. Wata shekarar fari jakada ya kwashe musu hatsi, har da iri. Manoma suka ce sun gaji. Maza da fartanya, mata da taɓarya, suka kama shi suka ɗaure a jikin rumbun da ya yashe. Ƙauyukan kusa suka bi sahu. Ta ci gaba ta ce, "Kwana uku sai hakimi ya aiko..."

Ni kuwa ɗan karatuna ya hau mini kai. Na tuntsire da dariya, na ce da Larabci, "Ya jadda, haza safir! Ambasada ne fa, Kaka! Mutum da mota da direba, me zai yi da geronki?" Har na kwaikwayi yadda ta ja buhun tana ɗingishi.

Ta dube ni ta ce, "To, malama." Ta tsuke bakinta.

Jakadan ma bai leƙo unguwarmu ba. Shekara biyu bayan haka muka karanta boren manoman Turai a darasin tarihi, sai abin ya faɗo mini. Na dawo gida da sauri na durƙusa gabanta. "Kaka, me hakimin ya aiko?"

"Ai yana cikin littafinki," ta ce.

Sau uku ina roƙonta, amsar ke nan har ta rasu. Da na tambayi Baba, ya ce shi bai taɓa tsayawa ya saurara ba. Wallahi har yau haushin kaina nake ji. Na ci jarrabawa a kan manoman wasu, amma namu ban san ko sunan ƙauyensu ba, ban san nawa suka tsira ba. A wurina har yanzu jakadan yana ɗaure a jikin rumbu, kakannina na tsaye suna jiran saƙon hakimi.