Igiyar Asuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Safar, Allah ya karɓi ran maƙwabcina, Yaya Tela. Ba wanda ya faɗa mini. Rana ce ta dalle mini fuska ina kwance, na duba igiyar da ke ɗaure a babban yatsan ƙafata na gan ta a sake, nan na gane ba lafiya ba.

Yaya, tun da ƙarar injin niƙa ta cinye mini kunnuwa, kai ne ladanina. Ranar da na zo shagonka ina hawaye saboda na daina jin kiran sallah, ka ajiye almakashi, ka juyo da fuskarka don in karanci leɓenka, ka ce, "Kurma, ido fa bai mutu ba. Zo nan." Ka kafa tsinken tsintsiya a ƙofar shago. Ka nuna mini inuwa tana ƙanƙancewa har ta tsaya, idan ta fara ƙaruwa azahar ta yi. Idan abin da ta ƙaru ya kai tsawon tsinken, la'asar ke nan. Magariba faɗuwar rana, isha'i ɓacewar jan nan na yamma. Huɗu duk na iya su, har ina yi wa masu kunne gori.

Asuba ce ta gagare ni, don ni barcina kamar na gawa ne. Sai ka haɗa ragowar ƙyallaye ka tufka igiya, ka zura ta tagata, ɗaya bakin yana rataye a katangar gidanka. Kullum da ka idar da alwala sai ka fizga. Ko da ruwa ake tsugawa ba ka taɓa fashi ba.

Ba na manta ranar da akuyarku ta samu igiyar tana tauna. Na zabura, na hango wani haske a miƙe ta gabas, na yi sallata ina jin kaina. Da gari ya waye na ba ka labari, ka yi dariya har hularka ta faɗi. "Akuya ka bi, Kurma? Wancan alfijir na ƙarya ne, a tsaye yake. Na gaskiya kwanciya yake yi, ya bazu. Maza rama sallarka."

Yanzu tsoro nake ji, Yaya. Ɗana ya sayo mini waya mai girgiza, ta yi girgizarta ta faɗa bayan gado ban sani ba. Tun da aka binne ka, ko dai in ƙi runtsawa in wuni ina gyangyaɗi kusa da bel ɗin inji, ko barci ya sace ni in farka rana ta fito. Ina fargabar in tarar da Ubangijina da ramuwar asuba a wuyana.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka da hasken alfijir na gaskiya, ya sanya kowace asuba da ka tashe ni a mizaninka. Ga Inna, matarka, da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ina jin nauyin roƙon ku kuna cikin makoki, amma igiyar tana nan, kullum da ita nake kwana a ƙafata. Duk wanda ya riga tashi a cikinku, don Allah ya ja.