Kiɗan Bikin Hamdiyya

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Nasidi a bakin tashar Talata Mafara. Ni ina tura wa mutane waƙoƙi a waya, shi yana haɗa kiɗa a kwamfuta, irin wanda ake cashewa da shi a biki. Don haka na fi kowa sanin abin da yake yi, na kuma fi kowa sanin abin da mutane suke nema, kuma abubuwan nan biyu ba su cika haɗuwa ba.

Ɗan Bakura ne, ubansa manomin rani. Tun yana yaro ba a aikensa ya dawo da wuri in akwai kalangu a hanya. Da ya girma ya tafi Gusau ya koyi haɗa kiɗa, ya dawo da tsohuwar kwamfuta da kunne mai tsinin tsiya. Mutum ne da zai hau babur har Damaga don ya ɗauki sautin kalangun wani tsoho, ya biya Garbadu ya ɗauki luguden mata, ya dawo ya saƙa su cikin dukan kwamfuta. In ka saurari kiɗansa a natse sai tsigar jikinka ta tashi.

Amma wa ake nema a shagona? Murtala, wanda a gaban Nasidi ya koyi kunna kwamfuta. Kiɗansa duka ɗaya ne: dum-dum, ya ɗan yi shiru, ya koma dum-dum. Daga Mafara har Maradun ba bikin da ba a sa shi. Ina tura shi ina cizon yatsa, wallahi ina taya Nasidi kishi kamar ni aka yi wa. Shi kuwa in ya ji shi daga wayar wani ɗan acaɓa sai ya tashi ya rufe ƙofa, ko zafi zai kashe shi.

"Wanga ba kiɗi ba ne, dukan ƙyaure ne," in ji shi. "Ka ji ramukan da yab bari? Ragwanci ne zalla."

Da aka sa ranar auren ƙanwarsa Hamdiyya, ya rantse ba za a ji Murtala a gidan ubansa ba. Ya yi watanni yana haɗa mata nata, bai bar ko wurin shan iska a ciki ba. Ni da nake ji ta bango na ce masa bai taɓa yin kamarsa ba, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

Ranar wuni, bayan la'asar, mata suka cika filin ƙofar gidansu a Bakura. A bikinmu mace ba ta faɗa wa fili haka kawai. Sai an kira sunanta, an kira gidan da ta fito, sannan ta gyara mayafi ta shigo da ƙawayenta. Taibatu, babbar ƙawar amarya, ita ke riƙe da abin magana don wannan aiki.

Nasidi ya saki kiɗansa. Taibatu ta buɗe baki, kalangu ya rigaye ta. Ta jira, lugude ya shigo. Ta sake jira, sarewa ta hau kai. Ba inda za ta sa sunan kowa. Mata suka tsaya cirko-cirko suna kallon lasifika, wasu na gyaɗa kai, ba wadda ta ɗaga ƙafa. Nasidi ya zaci ba su ji da kyau ba ne, sai ya ƙara sauti.

Can Taibatu ta zo ta rusuna. "Yaya Nasidi, amarya tac ce don Allah a sa wanda ake kiran suna. Dangin ango sun hwara shirin tahiya, wai ba a san da zuwansu ba."

Ya dubi inda Hamdiyya take zaune, kanta a sunkuye. Sannan ya dube ni, don shi ko da wasa bai taɓa ajiye kiɗan Murtala ba. Na miƙa masa wayata ban iya kallon idonsa ba, ya jona ta da hannunsa. A ramin farko Taibatu ta jefa sunan yayar ango, a na biyu ta jefa na gidansu. Kafin ka ce kwabo fili ya cika, Hamdiyya ta ɗago kai tana dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci.

Muna naɗe wayoyi sai ga goggonsu, tsohuwar da ta goya shi yana jariri, tana ta haki saboda rawa. Ta dafa kafaɗarsa.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana, ka hid da mu kunya. Wanga na biyu da ka yi shi ne kiɗi. Na hwarkon nan hwa, na wane ne?"

Nasidi ya ci gaba da naɗe wayar a hannunsa.

"Na wani ne, Goggo," ya ce.