Gam ɗin da ba ya ciruwa

Ciwon kai ne ya tona wa yayana asiri. Wata safiya ina shirin fita aiki ya kira ni, ya ce, "Auta, ke da kike nas, mene ne maganin ciwon kan da ke zuwa da asuba ya tafi da hantsi?" Na tambaye shi ko yana jin jiri da tashin zuciya, ya ce kaɗan-kaɗan. Na ce idan ya fita waje fa? Ya ce sai ya ji garau. A asibitin da nake aiki a Salford na ga waɗanda suka zo da wannan labari da ƙafarsu, na kuma ga waɗanda aka kawo ba su samu damar ba da labarin ba. Na ce, "Yaya, a ina kake kwana?" Ya ce layin ba kyau.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne a Ingila, kullum sai ka ji an rufe wani wuri. Yaya injiniya ne a wani kamfanin gyaran hanya da council, wato ƙaramar hukuma, ke ba aiki. Aikin ya ƙafe, aka sallame su. Ya tura matarsa da yara Kaduna wai hutu, mu kuma ya ce mana ya koma ƙaramin flat. Ranar Asabar na kama hanyar Birmingham inda yake, na tsaya a bakin babban titin Erdington na kira shi, na ce ko ya yi mini kwatance ko in kira Innarmu a gida in gaya mata komai. Ni kaina ban san mene ne koman ba, amma ya yi kwatancen.

Bayan garejin wani bakanike ne, abokinsa. A can ƙurya, jikin katanga, ga tsohon caravan, ɗakin nan mai taya da mota ke ja idan Turawa za su hutu bakin teku. Jikinsa na alminiyam ne, duk ya dushe. Yaya ya buɗe ƙofa fes da shi, riga a goge, hula a karye, kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure. Ina sa kai ciki ƙamshin turaren wutar Innarmu ya buge ni, mai kauri, a ƙarƙashinsa kuma ga warin danshi.

Na dudduba. Hitar gas mai ɗumama ɗaki tana ci a gefen gado. A ƙasa ga kasko da ragowar garwashin gawayi. Tagogi duk an bi gefensu da salatif. A bangon akwai ramuka biyu da masu ƙera ɗakin suka bari don iska, ɗaya ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya sama. Yaya ya cire murafansu na roba, wai sun tsage, ya yanko katako ya ɗaure a kan kowane rami da kusa mai zare, aiki tsaf irin na injiniya.

Ban yi mamakin toshewar ba. Haka muke, mu da muka taso a ƙasar zafi. Ni ma a gidana na Levenshulme, cikin Manchester, akwai tawul a ƙarƙashin kowace ƙofa, mun ɗauki duk wata kafa a bango abokiyar gaba ce. Amma gawayi da gas a cikin gwangwani rufaffe? Na nuna kaskon. Na ce masa hayaƙin da ke kashe mutum ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai yake ƙara wa mutum.

Ya ce, "Na sani, Auta. Na fi ki sanin lissafinsa. Ina ɗan buɗe ƙofa."

"To turaren na mene ne?"

Ya daɗe yana gyara zaman hularsa. Ya ce danshin yana kama kaya. Ranar wata Juma'a wani likita da suke sahu ɗaya a masallaci ya ɗan juyo ya shinshina, bai ce komai ba. Tun ranar yake turara rigunansa da hulunansa kafin ya kwanta, ƙofa a rufe don ƙamshin ya kama.

Na ce ya haɗa kayansa mu tafi Manchester, akwai ɗaki. Ya dube ni kamar na zage shi. Shi ne waliyyina, shi ya ba da aurena, har gobe mijina ba ya zama kan kujera idan Yaya yana falo. Ya ce, "In kwana a gidan mijin ƙanwata? In fito wanka da tawul mu yi kiciɓis a matakala? Allah ya kiyaye." Na yi kuka, na yi faɗa, na yi magiya. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda a mayar da murafan iska.

Muka je wani babban shagon kayan gini. Murafan ba su ba mu wahala ba, farare ne na roba masu tsaga-tsaga, da wuya a bayansu mai shiga cikin ramin ya ɓullo ta ɗaki. Wurin gam ne na tsaya kamar baƙauya. Kanta guda, daga sama har ƙasa, kowanne yana rantsuwa shi ne sarki. Na ɗauko sufa gulu, wanda muka sani tun muna yara muna liƙa silifas. Yaya ya yi dariya, karo na farko ranar. Ya ce wannan ƙanƙara ɗaya zai gani ya fashe. Na ɗauko mai bututu biyu da ake kwaɓawa. Ya ce ƙarfi gare shi amma ba ya lanƙwasa, alminiyam kuwa yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, roba ma tana nata daban, sai gam ɗin ya tsage a tsakani. Yana magana yana nuni da yatsa, muryarsa ta dawo irin ta da, har na ji tausayinsa ya kama ni.

Sai ya ɗauko silikon, gam ɗin nan mai taushi na toshe kafar ruwa a banɗaki. Ya ce wannan ya isa, ba ya kama roba sosai, amma ai ba nauyi, kuma idan ana so a cire sai a sa wuƙa a ɗage.

Idan ana so a cire.

Na nuna wani baƙin bututu a ƙasan kanta, mai hoton kwale-kwale, na ce wannan fa? Ya ce a'a, wannan na jiragen ruwa ne, yana lanƙwasa, ba ruwansa da sanyi ko ruwan sama, amma mugun abu ne. Idan aka goge wurin da kyau ya kama, sai dai bangon ya yage, shi ba ya saki.

Na sa shi a kwando. Ya ce, "Auta." Ban kalle shi ba, don ban taɓa saɓa masa ido da ido ba, kuma na san idan na kalle shi zan mayar. Na ƙara da ƙararrawar nan mai batir da ke ihu idan hayaƙi ya taru, na wuce wurin biya.

Shi ya yi aikin, don ba ya iya ganin ana aiki ba daidai ba. Ya kwance katakan, ya kankare gefen ramukan da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, ya ɗan kankare bayan robar, ya goge duka da sifirit. Ni na matsa gam ɗin, na zuba fiye da yadda ya ce. Muka danna, muka ɗaure da salatif kafin ya bushe. Da zan tafi na ɗauki kaskon na sa a but ɗin motata. Yana kallo.

Daga ranar na shiga kiransa kowace safiya bayan sallar asuba. Yakan ce, "Ina raye, Auta, sai dai iskarki ta hana ni barci." Ya gaya mini ya gwada manna salatif a kan murafan, danshi ya saɓule shi. Ya cusa tsumma, ruwan sama ya jiƙa shi ya ɗiga masa a gado. Katakon kuma ba ya zama, saboda wuyan robar da ya ɓullo ciki. Yana faɗa yana dariya. Ban gaya wa mijina komai ba sai da ya same ni ina kuka a kicin. Ya ce zai je da kansa ya roƙe shi, na ce idan ya je ya ga wurin, Yaya ba zai sake ɗaukar wayarmu ba.

Sai aka yi wani sanyi a watan Janairu, irin wanda ruwa ke daskarewa a famfo. Na kira, waya a kashe. Na sake, a kashe. Na kira garejin, ba a buɗe ba tukuna. Ban san yadda na sa takalmi ba. Hanyar Birmingham ta cika da manyan motoci, ana tafiya kamar ba a so, ni kuwa ba addu'ar da ban karanta ba, wasu ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: da wane baki zan gaya wa Innarmu na sani, na kuma bar shi a can.

Da na isa, ƙanƙara ta rufe rufin caravan fari fat, labule a sake. Kafin in buga ƙofa idona ya sauka kan murfin ƙasa. Gefensa duk sawun wuƙa ne da na sukurudireba, alminiyam ɗin ya lotsa, wani wurin har ya ɗan yage. Murfin yana nan daram.

Na buga. Shiru. Na buga da hannu biyu ina kiran Yaya, har wani kare ya soma haushi a bayan katanga. Can na ji tari, sannan motsi, sannan sakata.

Ya fito cikin koti biyu, idanu jajur, leɓe a bushe. Na ture shi gefe na shiga. Hitar tana ci, ta kwana tana ci. Ƙararrawar tana kan tebur, batirinta a gefe. Wayarsa ta mutu, wutar garejin ta ɗauke. Na kashe gas, na wangale ƙofa, na kai hannu jikin murfin sama na ji iska mai sanyi tana ratsa yatsuna. Na zauna a ƙasa.

Ya zauna bakin gado yana riƙe da kansa. Ya ce jiya da yamma sanyin ya fi ƙarfinsa, ƙararrawar kuma ta dame shi, ya fita da wuƙa don ya cire murafan ya mayar da katakonsa. Ya yi ta fama har hannunsa ya sandare, ya haƙura. Ya dubi hitar, ya dubi katakan nan biyu da ya riga ya jingine kusa da ƙofa da kusoshinsu a shirye. Ya daɗe yana kallonsu.

Na ce sai mun biya asibiti an duba jininsa. Bai yi musu ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya soma jera huluna ɗaya cikin ɗaya.

Ya ce, "Mijin naki yana gida?"

Na ce yana gida.

"To idan mun fito asibiti ki tsaya mini a shago in sayi ko dabino ne. Ba zan shiga gidan mutum hannu rabbana ba."