Mama ta turara min kayan shiga daji

Ina dawowa daga kasuwa da takalmin hawan dutse a leda, tun daga zauren gidanmu na Agege na jiyo ƙamshin turaren wuta. Na leƙa ɗaki, sai ga Mama ta zazzage jakata kaf, ta baza rigar ruwa, safa masu kauri da safar hannu a kan kwando, kasko na ta hayaƙi a ƙarƙashi.

Washegari zan tashi zuwa Ruwanda kallon gwaggon biri, kuma masu yi mana jagora sun ja kunnenmu cewa ban da turare, saboda yana jawo ƙwari.

Na ce, "Mama, daji fa zan shiga, ba gidan biki ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta juya rigar ta ce, "Su biran ba su da hanci ne? Ɗiyata ba za ta je ƙasar mutane tana warin gwanjo ba. Miƙo takalmin."

Da kyar na ceci takalmin. Sauran na shanya su a igiya, amma ƙamshin ko gezau.

Can a Ruwanda, a kan dutsen da biran suke, ga ruwa ga taɓo, har na fara tunanin juyawa. Na ja wuyan rigar na rufe hancina saboda sanyi, sai na ji ni a ɗakin Mama. Ƙwari sun cije ni, ban ji haushi ba.

Ku me aka taɓa cusa muku a jaka da ba ku roƙa ba?