Ranar da Ke Jikin Leda

Mu'ayyad ya tashi ne da ƙarar turmin gahawa a kunnensa. A ƙauyensu na Karak, ubansa Abu Mu'ayyad ba ya dafa abin da ya kwana da suya. Kullum hantsi sai ya soya, ya daka, ƙamshi ya kira maƙwabta.

To, ɗan wannan mutumin ne ya yi shekara goma sha biyu a birnin Amman, a ɗaya daga cikin manyan shagunan gahawan nan masu reshe a kowace unguwa. Ba ya makara, ba ya musu, shi ya sa manaja Rawan ta damƙa masa ɗakin ajiya. Aikin har da wani ɗan abu da ba a faɗa. In ledar ƙwayar gahawa ta yi wata shida a kan kanta, sai ya ɓare takardar ranar suya ya liƙa sabuwa.

"Wa ya taɓa mutuwa don tsohuwar gahawa?" in ji Rawan. "Liƙa kawai, malam."

Ya liƙa kuwa. Da farko da zufa, daga baya har yana fito.

Ana nan hannun tsoho Abu Mu'ayyad ya fara rawa, ya kasa riƙe kaskon suya, ga shi za a zo neman auren autarsa Suhair. Bai gaya wa kowa ba ya hau mota zuwa Amman, ya shiga shagon ranar hutun Mu'ayyad, ya sa aka karanta masa takarda: suyar shekaranjiya. Ya sayi leda uku yana ta gaya wa mai sayarwa cewa ɗansa ne ke kula da kayan.

Sai ranar taro Mu'ayyad ya ga ledojin a kicin, an riga an dafa. Ya gane liƙinsa, don shi kaɗai ke karkata takarda hagu. Da ya buɗe baki a lokacin, da an aika maƙwabta an sake. Ina! Tsoro ya hana shi.

Dattawa arba'in suka zauna. Babban baƙo, Abu Hammam, ya ajiye finjalinsa a ƙasa, don a al'adarsu ba a sha sai an amsa buƙata, ya roƙi iri. Tsoho ya ce, "Mun ba ku, sha gahawarka." Abu Hammam ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Abu Mu'ayyad, wannan ai ta girmi amarya!"

Aka kwashe da dariya. Tsoho ya karɓa ya ɗanɗana.

"Gahawa ba ta da laifi," ya ce a hankali. "Daga hannun ɗana ta fito, ga ranarta a rubuce. Ni ne na tsufa, dahuwar ma ta gagare ni. Ku yi mini afuwa."

Kunya ta kama Mu'ayyad, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kuma wallahi ko a nan bai faɗi gaskiya ba.

An yi biki lafiya. Amma tun ranar tsoho bai ƙara dafa wa baƙo gahawa ba. Da Mu'ayyad zai koma Amman, ya miƙo masa ledar da ta rage, ya dafa kafaɗarsa.

"Tafi da ita, ɗana. Kaya mai kyau irin wannan bai kamata ya lalace a hannuna ba."